Ranar da Na Zargi Baba Sule da Sauya Mini Gishiri

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Laraba a watana na biyu ina koyar da kimiyya a wata sakandare da ke wajen Bagwai. Tsohon malamina na jami'a ne ya ba ni 'yar kwalba ta wani gishiri, niyodimiyam kulorayid, don in nuna wa ɗalibai. Na sha karanta cewa gishiri ne mai saurin zuƙar danshi, shi ya sa na naɗe murfin da leda har ninki uku (ni mutum ne mai tsoro, ban ɓoye ba). A tsakar gidanmu na duba shi: shunayya ne, kyakkyawa. Na ba Baba Sule, dattijon da ke riƙe da makullin sito, ya ajiye mini.

Ranar darasin ya miƙo mini kwalbar a ofishin shugaban makaranta, inda tagogi ke rufe, doguwar farar fitila na ci. Na duba. Launin ya koɗe, kamar an zuba gishirin miya.

"Baba, ba wai ina zargin kowa ba ne," in ji ni, "amma wataƙila, ko da kuskure, an taɓa buɗe kwalbar nan?"

Shugaba ya ajiye biro. "Malam, magana ɗaya. An sauya ko ba a sauya ba?"

"To... kusan an sauya, ranka ya daɗe."

Baba Sule ya cire hula. "Shekara ashirin makullin nan na hannuna, ko alli bai taɓa ɓata ba." Shugaba ya ce ya ajiye makullin a tebur sai an bincika.

Na fita da kwalbar a hannu in kira malamina a waya. Ina taka rana, gishiri ya koma shunayya! Na dawo ofis da gudu, ya koɗe. Na fita, shunayya. Sau huɗu ina shiga ina fita, ɗalibai na leƙe ta tagogin azuzuwa, har na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci (ni da digirina a kimiyya).

Baba Sule ya biyo ni, ya kalli kwalbar. "Malam, ba ka taɓa sayen shadda ba? Wa yake yarda da launi a cikin shago? Ai sai an fito da ita rana."

Nan take na tuna. Gishirin yana haɗiye wani ɓangaren haske, don haka launinsa ya danganta da irin fitilar. Na ma taɓa amsa tambayar a jarrabawa, na ci.

Da hannuna na mayar masa da makullinsa, na durƙusa. Ya ce ya yafe, amma har yau idan ya ba ni ko da alli ne sai ya ce, "Mu fita rana ka duba, Malam."

Yanzu kafin in zargi mutum, fitila nake fara zargi.