Nomau da Garin Tafarnuwa

A Unguwar Kanya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi. Ƙaƙƙarfa ne, manomi, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya: abin da ya fito daga bakinka shi zai yi, ba abin da ke ranka ba. Su uku ne a gidan. Shi, da matarsa Tasalla, da mahaifiyarsa Inna Yelwa, tsohuwa mai kaifin harshe wadda ba ta kiran miya miya sai ta ji gishiri da magi.

Ana nan sai jiri ya fara ɗibar Inna. Tasalla ta kai ta asibiti, malamar asibiti ta auna ta, ta ce hawan jini ne. Ta ba da magani, ta ce a janye mata gishiri da magi. Tun daga ranar Inna ta ɓata da abinci. A kawo tuwo, ta buɗe, ta rufe. "Wannan miya ce ko ruwan wanke kwano?" Sai ɗan koko take kurɓa. Kafin mako biyu awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Damuwar gidan ke nan: yadda za a yi Inna ta ci abinci.

Wata rana Tasalla ta ce wa mijinta, "Malam, an ce fa a nisanta Inna da gishiri."

"Nisa kamar yaya?"

"Iyakar yadda za a iya."

Nomau ya tattara gishirin gidan kakaf, ya ƙulle a buhu, ya kai gonarsa ta ƙetaren rafi, ya rataye a jikin gawo. A yinin aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da Tasalla ta tashi ɗora tukunyar su biyu ta nemi gishiri ta rasa. Ta tura shi ya ɗauko. Ya dawo da jiƙaƙƙen buhu babu komai ciki, yana murna.

"Yanzu kam ya yi nisa," in ji shi. "Ni ma ban san inda yake ba."

Wata rana Tasalla ta koma wurin malamar asibiti ta kai kuka. Malamar ta ce abin da tsohuwa ta rasa ɗanɗano ne, a nemo garin tafarnuwa. Ɗan kaɗan a miyar kuka ko a wake ko a kifi yana tayar da ƙamshi, baki ya manta da gishiri, kuma yana da amfani a jiki. Ta ce amma abinci ne, kada a ce ya maye gurbin magani. Ta rubuta sunan a takarda. Tasalla ta dawo ta miƙa wa Nomau. "Ga abin da za ka nemo wa Inna."

Nomau ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana haɗa baƙi a hankali. Ya karanta: garin tafarnuwa. To, a takarda garin da ake zama da garin da ake tuƙawa duk rubutu ɗaya ne. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ƙulla ƙuli-ƙuli na guzuri, ya nufi tasha.

"Ina motar garin Tafarnuwa?"

Ɗan kamasho ya dube shi sama da ƙasa. "Kash, Alhaji, yanzun nan ta tashi. Amma zauna, ta garin Albasa na zuwa. In ka sauka can ka hau ta Citta, daga Citta da ƙafa ma sai ka ƙarasa."

'Yan tasha suka yi ta tuntsira dariya. Nomau ya yi godiya, ya sami benci ya zauna. A nan na same shi da la'asar ina dawowa daga kasuwa. Na karɓi takardar na duba.

"Nomau, wannan gari na dakawa ne, ba na zuwa ba."

"To ai ba su rubuta haka ba, Baba."

Na sake duba takardar. Gaskiyarsa. Na ja shi wurin Baushe mai kayan miya. Ba shi da dakakkiya, sai muka ɗauko ɗanya, mudu guda.

Wata rana Tasalla ta ɓare tafarnuwar nan, ta yayyanka ta siri-siri, ta baza a faifai ta kai rana. Za ta rijiya, ta ce, "Malam, ka sa mata ido." Da ta dawo ta iske shi kwance rub-da-ciki, fuskarsa a cikin faifan. Ya ɗago, idanu jajur, hawaye na bin gemu.

"Na sa na dama, ya gaji, na sa na hagu," ya ce. "Amma Tasalla, abin nan da zafi yake."

Ta ajiye tulu ta zauna a ƙasa tana dariya, tana wanke masa ido da ruwan da ta ɗebo. Ba ta taɓa zaginsa ba, in faɗi gaskiya. Takan ce gara nata mijin, ko ba komai ba ya musu.

Wata rana, bayan tafarnuwar ta bushe ƙayau, Tasalla ta daka, ta tankaɗe, ta ɗura a kwalba. Garin tafarnuwa ba ya son iska, da ya sha danshi sai ya dunƙule. Hannunta da kaya, sai ta miƙa masa kwalbar da murfin. "Ungo, ka rufe baki sosai, kar iska ta shiga." Nomau ya datse leɓɓansa ya zauna a zaure, kwalba a buɗe a hannu ɗaya, murfi a ɗayan. Liman ya wuce ya yi sallama, bai amsa ba. Na leƙo na gaishe shi, sai ya kumbura kumatu yana nuna mini kwalba da ido. Ni na karɓa na rufe ta. Na ce ya buɗe nasa bakin. Ya ja numfashi ya ce, "Ko kaɗan ba ta shiga ba."

Wata rana aka yi tuwon dawa da miyar kuɓewa. Tasalla ta zuba na Inna, ta ba Nomau tare da kwalbar. "Kai mata, ka ɗan barbaɗa mata a kai." Ya shiga ɗaki, ya ajiye kwano, ya zame wa tsohuwa ɗankwali, ya barbaɗe mata furfura. Daga gidana na ji atishawa, ɗaya bayan ɗaya har bakwai, sannan muryar Inna.

"Auta! Ni ce naman da za a gasa? Fita mini, sakarai!"

Abin dariya ne, amma ya ɓata aiki. Inna ta yi rantsuwa da kitsonta ba za ta ɗanɗana abin da aka sa wa garin nan ba. "Tafarnuwa ta masu mura ce. Mura kuka ga ina yi?" Kwana uku ana kai kwano yana dawowa yadda ya tafi. Tafiya zuwa bayan gida ma sai ta dafa bango.

Wata rana Tasalla ta yi zuciya. Ta sami busasshen kifi, ta yi miyar kuka da daddawa, ta bari sai da ta kusa saukewa sannan ta zuba garin tafarnuwa rabin cokali don kada ƙamshin ya gudu. Har gidana ƙamshin ya ƙetaro. Ta zuba tuwo da miyar a kwano, ta ɗora kifin a gefe, ta kira mijinta.

"Malam, wannan karon ba wasa. Kada kwanon nan ya dawo mini da ko loma ɗaya."

Ya shiga. Ni ina tsakar gidan a lokacin, na zo duba tsohuwa, kuma ƙofar a buɗe take.

"Inna, ga tuwo."

"Mayar."

"An ce kar ya koma da ko loma ɗaya."

"Wannan kuma matsalarka ce."

Nomau ya dubi kwano. Sai ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya gutsuro loma. Ya ci. Ya ƙara. Yana ci yana lumshe ido, yana tsotsar yatsa, ko kallonta ba ya yi. Inna ta juya fuska ga bango. Can ta waiwayo.

"Kai, abincin wa kake ci?"

"Naki, Inna."

"A gabana?"

"Ai kin ce matsalata ce."

Ya ci rabi. Hannunsa ya doshi kifin. Nan tsohuwa ta kai masa duka a bayan hannu, ta fizge kwanon ta ɗora a cinya.

"Tun kana goye kake cinye mini rabo. Wannan kam ba ka isa ba!"

Ta jefa kifin a baki don haushi. Ta tauna. Ta tsaya. Ta gutsuro tuwo ta dangwali miya, ta sake dangwala. Tasalla na bakin ƙofa ta toshe baki da gefen zane. Inna ta cinye sauran tas, ta suɗe kwanon da yatsa, ta tura masa.

"Gaya wa matarka gobe ta ƙara wannan abin kaɗan. Kuma ta cika kwano, tunda an haɗa ni da kura."

Nomau ya fito ya miƙa wa Tasalla kwano fes. Tun daga ranar tare suke cin abinci shi da Inna, kwano ɗaya, tana ci tana tsare gefenta da hannu.