Shingen Kara

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Shekarar da ruwa ya zaizaye gaɓar ƙoramar garinmu, kusa da Gure, aka raba mana dashen bagaruwa da magarya, kowa da layinsa. Nawa ya faɗo bayan garkar Falmata, wadda na daɗe ina so a zuci.

Da rani ya shigo, kowa ya kewaye nasa da ƙaya. Ni kuwa na ce ina, masoyi da ƙaya? Na sayo karan gero amalanke guda, na saƙa shinge tsaf, har da ƴar ƙofa.

Baba Mamadu, maƙwabcinmu, ya tsaya ya duba. "Ɗana, wa ka gayyata walima?"

Na ce a raina, tsoho bai san ado ba.

Da hantsi awaki suka cinye shingen, suka ɗora da dashen, suka zarce cikin ganyen salatin da ke garkar Falmata. Ta iske ni ina jifansu da takalmi, ta ce, "Malam, don Allah kada ka ƙara taimakona."

Shekara huɗu ke nan. Akuya ba ta kuka a kasuwa sai wani marar kunya ya ɗaga murya: "Sarkin Awaki, talakawanka na kira!"