Kukan Fanka a Ɗaurin Auren Modu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren abokina Modu a Gwange ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen unguwar ba za su bari ba. A shekarun nan ne da ko tayar keke ce ta fashe a Maiduguri sai ka ga dattijo ya zube a ƙasa da babbar rigarsa. An hana hawa babur, an katse layukan waya, ga dokar hana fita, kuma kowane lungu akwai samari 'yan gora masu tare mutane suna lalube su. Kowa a tsorace yake, ni kuwa na fi kowa, don ni mutum ne da ko kyankyaso ya tashi sama sai in bar masa ɗakin.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki. Ina da wata tsohuwar laftof da nake haɗa aikin a kanta, amma ta fara jan ƙafa: in ka ce ta buɗe bidiyo, sai ka je ka yi alwala ka dawo tana tunani. Na kai ta wajen Oga Chidi, mai shagon kayan kwamfuta a bakin Kasuwar Litinin, ya ƙara mata ram, wato ɗan allon nan da take riƙe aikin da ke gabanta da shi. Nan take ta zama yarinya. Na dawo gida unguwar Fezzan ina ji da kaina.

Murnar ba ta daɗe ba. Da can, in na rufe murfinta, sai ta kwashe duk abin da nake yi ta adana a cikinta, ta yi dogon barci ba tare da ta ci batir ba, in na buɗe ta ci gaba daga inda na tsaya. A garin da wutar lantarki ta zama baƙuwa, wannan barcin shi ne rufin asirina. To tun da aka ƙara ram ɗin sai ta daina. Fuskar za ta yi baƙi kamar ta kwanta, ashe idonta biyu. In dawo in tarar ta yi zafi, batir ya kusa ƙarewa, ni kuma cikin haushi in danne maɓallin kashewa har ta mutu, ban ko tsaya na duba abin da ke damunta ba.

Babu abin da ban yi ba. Na cire batir na mayar. Na kwance bayanta na zare sabon ram ɗin, na hura masa iska (kada ku tambaye ni amfanin hurawar), na sake cusa shi. Intanet da zan bincika babu. Na koma wajen Oga Chidi, ya jujjuya ta, ya sauya wa ram ɗin gurbi, ya ce, "Malam, ram nawa ba shi da wahala. Kwamfuta naka ne ba ya son barci, kamar mu duka a wannan gari." Muka yi dariya, amma na tafi da matsalata.

Safiyar ɗaurin auren na shiga wajen saitin wutarta na tattaɓa duk abin da na gani, na rufe murfin, na kasa kunne, na ji shiru. Na ce alhamdulillahi, na gyara. Dole in tafi da ita, don a lokacin an dawo da wushe-wushe, shagalin da a da ake yi da dare, zuwa bayan azahar, kuma ni zan nuna hotunan ango da amarya. Sai dai a wancan zamani saurayi mai jakar goyo abin tuhuma ne, kowa kaucewa yake yi in ya gan shi. Don haka na yi dabara irin ta kowa: na naɗe laftof ɗin da tawul, na zura ta a cikin jakar bakko.

A bakin layin su Modu 'yan gora suka lalube mu, suka ce ba a ƙarasawa masallaci da kaya. Kowa ya ajiye nasa a gindin wata darbejiya. Bakko sun fi a ƙirga a wurin, na goro da na alawa da na dabino, duk kamarsu ɗaya. Na ajiye tawa, na zauna a tabarmar ƙarshe, kusa da bishiyar, wai don in sa mata ido.

An yi siga, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wuri ya yi tsit. Sai na ji wani abu daga gindin darbejiyar yana "wuuuu", ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa. Na waiga, na ga wata bakko ita kaɗai a gefe. Sai kuma ta fara "ƙit, ƙit, ƙit". Jama'a, ban yi tunanin komai ba. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne labaran da muke ji kullum na jakar da aka ajiye a cikin taro, da fuskar wani maƙwabcinmu da ya je kasuwa bai dawo ba. Na miƙe na ƙwalla ihun da ban san ina da irinsa ba: "Bam! Bam a jaka!"

Kafin in rufe baki masallaci ya watse. Huluna da takalma suka cika layi, wani yana salati, wani yana kiran sunan 'ya'yansa. Ni kuwa da na kawo labarin, babu wanda ya kamo ƙafata. Na taka farantin goro, na tsallake Ba Goni, kawun ango kuma wakilinsa, wanda ke ta ƙoƙarin tashi da sandarsa (Allah ya gani, ban ko yi niyyar ɗaga shi ba), na faɗa gidan da na fara gani a buɗe. Ban tsaya ba sai a madafa, tsakiyar matan da ke tuƙa abincin biki, na durƙusa bayan wata ƙatuwar tukunya da takalmi ƙafa ɗaya.

Muna nan muna jiran ƙara, ba ta zo ba. Sai jiniyar motar sojoji muka ji. Wata dattijuwa da ake kira Ya Falmata, tana riƙe da muciya, ta ce, "Kai mai hoto, kai ka gani? Wace irin jaka ce?"

Na ce, "Bakko ce, Ya Falmata, mai ja da fari. Hannunta ɗaya ya tsinke, an ɗaure shi da wayar caja, kuma tawul yana leƙo..."

A nan na tuna. Da hannuna na ɗaure wayar nan. Tawul ɗin ma na wankana ne. Laftof ɗin ba ta yi barci ba, zafin tawul ne ya sa fankarta kuka, ƙit-ƙit ɗin kuma batir ne ke sanar da cewa ya kusa ƙarewa.

Tsoron farko wasa ne a kan wanda ya biyo baya. Na leƙa ta ƙofar zaure, na ga an kwantar da mazan layin rub da ciki a rana, har da Modu da farar shaddarsa. Wani soja yana zagayawa yana tambaya da gurɓatacciyar Hausa, "Waye mai wannan kaya?" Kowa ya san abin da zai biyo baya in ba a sami mai jakar ba: za a kwashi samarin wurin a je a yi musu tambayoyi, kuma a lokacin ba wanda zai iya ce maka ga ranar dawowarsu. In kuma na fita na ce tawa ce, wa zai tsaya ya saurari bayani a kan ram? Na ji kamar in koma bayan tukunyar in zauna har a tashi duniya. Ya Falmata ta dube ni, ta gane, ta ce a hankali, "Ɗana, fita. Modu ne a kwance can."

Na fita hannuwa a sama, na kama bakin rigata da haƙori don a ga babu komai a jikina sai tumbi. Na ce, "Ranka ya daɗe, tawa ce, kwamfuta ce," amma da riga a baki ko ni ban fahimci abin da na faɗa ba. Sai da na maimaita. Sojojin suka ja da baya, suka saita ni da bindigogi, suka ce in je in buɗe da kaina.

Tsakanina da darbejiyar ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Ƙafar da ba takalmi tana ƙuna, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Na durƙusa, na zaro tawul ɗin da zafinsa kamar an sauke shi daga kan murhu, na buɗe murfin. Na kai yatsa zan danne maɓallin kashewa yadda na saba, sai na yi kuskure na taɓa wani dabam. Fuskar ta kawo haske. Ga wani ɗan saƙo a tsakiya, yana cewa ta kasa yin dogon barci saboda babu isasshen wuri a ma'ajiyarta. Ashe da ram ya ƙaru, abin da za ta adana kafin ta kwanta ma ya ƙaru, ni kuwa na cika mata ciki da bidiyon bukukuwan mutane. Kullum tana faɗa, ni ne nake kashe ta kafin in gani.

Ga bindigogi a bayana, ga jama'a a kwance, sai kawai na ji bakina ya ce da ƙarfi, cikin murna, "Au! Ashe wuri ne babu!"

Sojan ya matso, ya leƙa, ya ga hoton Modu yana murmushi a fuskar kwamfutar. Ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To, waye ya yi ihu bam?"

Ban taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba. Mutane suna kwance, amma kowa ya samu ya ɗaga hannu ɗaya ya nuna ni. Har liman.

Sojan ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai ne mai jaka. Kai ne mai ihu. Kai ne mai gudu." Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce in hau mota. Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Ba Goni ne, rawaninsa a warware, ƙura har gemu. Ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yallaɓai, yaron nan namu ne. Hankali ne ba shi da shi, amma namu ne. Ni ya tsallake ɗazu, kuma ni na tsaya masa."

Haka aka bar ni. Aka tattara huluna, aka tsince goron da na tattake, aka yi ta gardama a kan ko auren ya ɗauru kafin ihuna, har liman ya ce a sake don a huta. Ba wanda ya yi dariya a ranar, sai da aka kwana biyu. Samarin layin sun so su laƙaba mini Mai Bam, Ba Goni ya hana, ya ce wannan suna zai iya kai mutum inda ba a dawowa. Shi ya sa har yau a Gwange sunana Fanka, kuma 'ya'yan Modu Baba Fanka suke ce mini.

Da na koma gida na kwashe tsofaffin bidiyon, laftof ta ci gaba da barcinta lafiya lau. Darasin da na ɗauka kuwa, in abu ya ƙi yin yadda kake so, ka tsaya ka karanta abin da yake faɗa maka kafin ka danne shi. In kuma har ka ga dole sai ka yi ihu a taron jama'a, ka daure ka fara duba ko jakarka ce.