Tayoyin Ƙanƙara a Fadama

Ranar da na sa wa jif ɗina sababbin tayoyi, ji nake ko kogin Haɗejiya zai kauce mini. A intanet na gan su, aka ce da irinsu Turawa ke ratsa dusar ƙanƙara. Na ce abin da ya iya da ƙanƙara, me taɓo zai yi masa?

Mai faci ya shafa su ya ce, "Alhaji, waɗannan fa na ƙasar sanyi ne." Na yi masa murmushin tausayi.

Da damina na ɗauki surukina zan kai shi gonarsa ta shinkafa wajen Kirikasamma. Ina tuƙi ina jin kamar shawagi nake bisa fadama, balbelu na tashi dama da hagu. Ban farga ba sai da motar ta nutse har ƙofa, tayoyin sun cushe da laka suna juyawa a banza.

Shanun huɗa suka ciro mu. Baba, surukin nawa, ya ƙarasa gona a amalanke.

Har yau, da hadari ya haɗo sai ya kira ni: "Ɗana, fito da motar, wataƙila yau ƙanƙarar za a yi."