Ranar Da Na Yi Wa Gawa Kiɗa A Muda Lawal

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na ari motar abokina Sadiƙu, ja wur, mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta a bar mutum a fili. Lokacin ina neman auren Rukayya, 'yar Malam Garba na unguwar Ɗan Iya, kuma a makon ne danginta ke bincike a kaina. Kowa ya shaide ni da natsuwa (ni kaɗai na san wahalar da na sha kafin na gina wannan sunan). Abin da ya rage kawai Malam ya buɗe baki ya ce ya ba ni.

To me ya kai ni? Son a sani. Sadiƙu ya miƙo mini makulli ya ce in ɗana, ya kunna mini wata waƙar rawa mai ganga kamar ana daka a ƙirjina, ya ƙure ƙara. Na maka baƙin tabarau, na ɗora hannu a kan ƙofa, na hau titi. Iska na kaɗa ni, fasinjojin keke na leƙe, ni kuwa ina gyaɗa kai sai ka ce da gumina na saye ta.

Ina isa Kasuwar Muda Lawal hanya ta cushe. Na ga masu shaguna suna miƙewa tsaye, mai rake ya ajiye wuƙarsa. Sannan na hango makara a kafaɗun mutane, sun nufo inda nake. Wurin ya yi tsit, in ban da motata da ke ta kiran 'yan mata su fito su taka.

Na kai hannu in kashe waƙar. Na murɗa wani maɓalli, waƙa ta sauya zuwa wadda ta fi ta rashin kunya. Na kashe mota, rediyo bai ma san na yi ba. Na danna wani abu, abin goge gilashi ya shiga kai da komo yana taya makaɗi. Babu rufin da zan ɓuya a ƙarƙashinsa, gumi ya jiƙa mini riga. Ina jin wani yana cewa in ji tsoron Allah.

A sahun gaba, riƙe da makara, Malam Garba ne.

Ya ba na kusa da shi wurinsa, ya tako a hankali. Na rantse na ga aurena yana bin makarar nan. Bai dube ni ba. Ya miƙa hannu cikin motar, ya taɓa maɓallin farko da yatsa ɗaya, komai ya ɗauke. (Ashe shekara da shekaru ya yi yana tuƙa manyan ma'aikata kafin ya yi ritaya.)

"Dannawa ake yi, ba murɗawa ba," in ji shi. "Cire tabarau ka zo ka kama."

Na roƙi mai rake ya kula mini da mota, na sa kafaɗa, na bi su har maƙabarta. Da aka gama rufewa na durƙusa a gabansa, na fara in-ina cewa motar aro ce.

"Na sani," ya ce. "Da taka ce, da ka san inda ake kashe ta."

Mako uku ban ji daga gidansu ba, har na rame. A na huɗu ya aika wa kawuna cewa ya ba ni, wai yaron da ya bar irin motar nan a titi ya bi gawa bai gama lalacewa ba. Yau shekararmu huɗu da Rukayya, amma har yanzu in na je gaishe shi sai ya tambaye ni ya makaɗa.

Tun daga ranar, ko fanka ce ba na kunnawa sai na tambayi yadda ake kashe ta.