Ɗakin da Ya Tafi Baƙunta

Da rani na haƙa tushen ɗakin nan, a gangaren bayan gidana mai sauka zuwa rafi, a Tudun Wada. In na kafta diga sai ta yi tsalle. Na ce wannan ai dutse ne.

Malam Iliya magini ya leƙa ramin, ya murje ƙasar a tafinsa. "Laka ce, Baba, rani ne ya ƙamar da ita. A ƙara zurfi sai an tarar da marmara."

"Shekara talatin ina dako, ƙasa ce za ta ba ni tsoro? Ɗora bulo."

Ya ɗora.

Da damina ta zauna, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na taka har unguwar Kwangila na zazzage kafintan da ya yi ta. Sai bango ya tsage, har hannuna yana shiga. Kafin kaka ɗakin ya zame ya jingina da katangar maƙwabcina Malam Bitrus, kamar mai gyangyaɗi.

Bitrus bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Har yau in na zo wucewa ta majalisa sai ya ɗaga murya: "Baba, baƙonka yana nan lafiya! Mu shimfiɗa masa tabarma ne, ko rafi zai zarce?"