Ranar Da Na Amsa Kiran Baba

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na amsa kiran da ba nawa ba. Mahaifina yana cikin tsofaffin nan masu rediyon sha'awa, waɗanda ke kafa eriya a gida suna hira da junansu ta iska, kowa da lambar kiransa. Tun da daɗewa aka ware wa irinsu wasu adireshin intanet, shi ma ya samu rabonsa. Da su ya haɗa 'yar tasharsa ta Kurudu da duniya.

Bayan rasuwarsa, kamfanin da ke ba mu layi a Wuse ya ce in kawo shaidar cewa ina da ikon amfani da adireshin, in ba haka ba su rufe. Ni kuwa hasken na'urar intanet ɗin da ke ƙiftawa a ɗakin Baba shi ne abin da ya rage mini nasa mai motsi. Ban shirya ganin ya mutu ba.

Mai tabbatar da ikon shi ne Oga Bitrus, abokin Baba, wanda ke jagorantar hirarsu ta kowace Lahadi. Sai na yi dabara (ni a dole injiniya, alhali ko lasisin rediyo ba ni da shi). Na ce in lambar Baba ta yi magana, ai an ga tasha na raye.

Ranar Lahadi, ina kunna rediyon kuwa na ji Oga Bitrus yana kiran lambar Baba. Ya dakata, ya sake kira. Na ce yau na taki sa'a. A kira na uku na danna maɓalli, har da gyaran murya.

"Ana jin ka, Oga! Tasha lafiya lau."

Muryata irin ta Baba ce sak. Na ji wani tsoho ya yi salati. Can Oga Bitrus ya ce, "Wane ne wannan?"

"Ɗansa ne, Oga. Maganar adireshin..."

"Yarona, sallama muke yi masa. In namu ya mutu, muna kiran shi sau uku, babu wanda ke amsawa. Shirun nan shi ne jana'izarmu." Sai ya fashe da kuka, duk tashoshi na ji.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutanen nan sun taru su binne abokinsu, na zo na tone kabarin ina neman sa hannu.

Washegari ya zo gida da kansa. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce adireshin aro ne ga mai lasisi, ba a gadonsu. Ya ce in na ci jarrabawa, in nemi nawa. Ya bar ni na kashe na'urar da hannuna.

Yanzu ina da lambar kirana. Abu na farko da na koya a harkar magana ta rediyo shi ne rufe baki. Lahadin da ta biyo bayan zuwan Oga Bitrus sun sake kiran Baba. Na zauna a kujerarsa, hannuna a aljihu, na bar shi ya yi shirunsa.